Indeks da hash: mu tsayar da sunansu da Hausa

'Yan'uwa masu rubuta manhaja a Kano da kewaye, ina da shawarar kalmomi da nake so mu duba tare. Abin ya taso ne ranar Asabar, a shagonmu da ke Zoo Road, ina zaune da yara biyu da nake koya wa aiki. Ɗayansu yana ɗora manhajar rajistar ɗalibai ta wata Islamiyya a kan tsohuwar saba mai MySQL 5.6, wato manhajar adana bayanai, sai ta ƙi gina tebur. Kuskure mai lamba 1071: makulli, wato indeks ɗin da ake neman bayani da shi a tebur, ya yi tsawo, iyakarsa bayit 767 (bayit ma'aunin girman bayani ne a kwamfuta). Na fara yi masa bayani da Hausa, sai na ji rabin abin da ke fita daga bakina Turanci ne, shi kuma yana ta gyaɗa kai alhali na san bai kama ba. Wannan ya tsaya mini a rai.

Ga lissafin a taƙaice, don wanda bai taɓa cin karo da shi ba. Gurbin da aka ba haruffa 255, in tsarin rubutun utf8mb4 ne, MySQL na ware wa kowane harafi bayit 4, ko da harafin bayit ɗaya yake ci. Ya zama 1020, ya zarce 767. Shi ya sa za ka ga 191 ko'ina, a maimakon 255, a manhajojin gina shafukan intanet irin su WordPress tun 2015, da Laravel tun 2017: 191 sau 4 shi ne 764, da kyar ya shige. Kada kuma wani ya ce a koma tsohon tsarin rubutu na latin1 a huta. Babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa, babu alamar Naira. Ƙofar Mata za ta fito da alamar tambaya a goshinta.

To, kalma ta farko, indeks. Ni na tsaya a kan fihirisa.

Na ji masu cewa manuni, kuma ba laifi, yana nunawa. Amma kibiyar linzamin kwamfuta ma manuni ce, allurar mai a mota ma haka. Kalmar da ta ɗauki kaya da yawa ba ta koyar da komai. Fihirisa kuwa duk wanda ya yi karatun zaure ya santa, duk wanda ya taɓa juya littafi a rumfunan Kurmi ya san ana leƙa ƙarshensa a ga abin da ke ciki. Wani abokina da ya karanta Hausa a Bayero ya ce mini fihirisa jerin babuka ce bisa tsarin shafuka, indeks kuwa bisa tsarin haruffa yake. Na ce masa ya buɗe manyan littattafan hadisi bugun zamani. A bayansu akwai fihirisar hadisai, an jera su daga alif zuwa ya, kowanne da lambar shafinsa. Wannan shi ne aikin indeks daidai: kada ka bi littafi shafi-shafi, je ka jerin da aka tsara, ya aike ka inda abin yake.

Kuma a nan ne na sami kalma ta biyu. Mai fihirisar hadisi ba ya kwafe hadisin gaba ɗaya, farkonsa kawai yake ɗauka, kalma uku ko huɗu, domin da ya kwafe duka da fihirisar ta kai girman littafin. Haka MySQL ke ba ka dama: ka ce ta ɗauki haruffa ashirin na farko, ko 191, ta bar saura. Turawa na kiran wannan da sunan ɗafin da ke zuwa a farkon kalma, wanda malaman nahawunmu suka daɗe da raɗa wa ɗafa-goshi, kishiyar ɗafa-ƙeya. Saboda haka nake cewa mu kira ta fihirisar goshi.

Abin da ya sa nake son sunan nan sosai shi ne yana ɗauke da gargaɗinsa. Goshi kawai take gani. Ɗauki rajistar Islamiyyar can, ka ce haruffa biyar: Abdullahi, Abdulƙadir, Abdulmalik, Abdul'aziz, duk sun taru a wuri guda, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. In ma'aikacin ofis ya saba sa Alhaji ko Hajiya kafin sunan iyaye, goshin rabin garin ya zama iri ɗaya. Mai neman hadisin da ya fara da "inna" ya san wannan wahala. Wannan jinkiri ne kawai, ana iya haƙuri da shi. Inda take cutarwa shi ne in ka ɗora mata sharaɗin hana maimaici. Adireshin intanet biyu masu tsawo, farkonsu ɗaya, bambancinsu yana can bayan harafi na 191, sai ta rantse abu ɗaya ne, ta ƙi karɓar na biyu. Da na faɗa wa yaron haka da kalmar goshi, kafin na rufe baki ya ce, "Oga, ke nan ba a yi mata amanar tantancewa." Haka ne.

Makulli ba zan daɗe a kansa ba. Ba ya kulle komai, amma baki ya riga ya saba, kuma a MySQL KEY da INDEX ma'anarsu ɗaya. A bar shi.

Wadda ta fi ba ni wuya ita ce hash, hanyar da ake bi in rubutun ya fi ƙarfin kowace fihirisa. Ko sabuwar MySQL, daga 5.7 zuwa sama, iyakarta bayit 3072, wato haruffa 768. PostgreSQL, takwarar MySQL, tana tsayawa wajen bayit 2700, sulusin shafin da take adana bayanai a kai. Dabarar ita ce a niƙa dogon rubutun da lissafin hash mai suna SHA-256, ya fito bayit 32 komai tsawonsa, a ajiye a gurbi na dabam, a ɗora fihirisa da hana maimaici a kan wannan gurbin.

An ba ni shawarar hatimi, an ba ni tambari. Ban gamsu ba, domin hatimi ɗaya ne ake buga wa takardu dubu, nan kuwa kowane rubutu da nasa. Na zaɓi dangwale. Ɗan ƙarami ne, yana tsaya wa mai shi, na wani ba ya zama naka, kuma ba ka iya zana fuskar mutum daga shatin yatsansa. Ga aikatau a shirye: dangwala adireshin kafin ka ajiye. Wani ya ce kalmar na tuna masa ranar zaɓe. To ai a banki ma ana dangwalawa, a wajen rajistar layin waya ma haka.

Shi ma sunan yana bayyana iyakarsa. Ba a jera mutane daga A zuwa Z da yatsunsu, don haka dangwale ba zai nemo maka duk sunan da ya fara da "Bal" ba, sai dai ya ce wannan shi ne ko ba shi ba ne. Kuma ga abin da ya shafe mu kai tsaye: Ƙofar Na'isa da Kofar Naisa dangwalensu bai haɗa hanya ba, haka 'ya'ya da aka rubuta da waƙafin sama da wanda aka rubuta da y mai lanƙwasa. Dole ka daidaita rubutun, ka mayar da shi ƙananan baƙaƙe, ka tsayar da ƙa'ida ɗaya, kafin ka dangwala.

Saura kalmar da za mu kira karon dangwale biyu, in aka yi rashin sa'a rubutu biyu mabambanta suka fitar da abu guda. Yaran shago sun ce gware. Ni na fi karkata ga kiciɓis, amma ina jiran na ji daga malaman Hausa da ke cikinmu kafin na sa ta a takardar darasin mako mai zuwa.