Neman shawara: yaya zan koyar da labarin Sennakerib da Hezekiya?

Tambaya

Barkanku da war haka, iyayena da 'yan'uwana. Ni malama ce mai koyar da darasin addinin Kirista a makarantar sakandare, kuma mun iso kan harin da Sennakerib, sarkin Assuriya, ya kai wa ƙasar Yahuza a zamanin sarki Hezekiya, kamar yadda ya zo a 2 Sarakuna sura 18 da 19. Nassin ya ce mala'ikan Ubangiji ya hallaka mutum 185,000 a sansanin Assuriyawa cikin dare ɗaya, sarkin kuwa ya koma Nineba, babban birninsa. To, wani ɗalibina ya zo da labarin cewa Sennakerib ma ya bar nasa rubutun, wanda babu maganar asara a cikinsa, sai alfaharin nasara. Shin in kawo wannan rubutu aji, ko in tsaya kan abin da manhaja ta tanada? Ina gudun kada in rikita yaran, amma kuma ba na so su ɗauka akwai abin da nake ɓoye musu.

Amsar wani tsohon malamin tarihi

'Yata, ki kawo shi aji, domin ɗalibin naki gaskiya ya faɗa, sai dai bai kai ƙarshen labarin ba. Rubutun yana kan wani tubalin yumɓu mai gefe shida da aka samo a Nineba a shekarar 1830, yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan, akwai kuma irinsa a Shikago da Urushalima. A cikinsa Sennakerib ya ba da labarin yaƙin shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, inda ya ce ya ci garuruwan Hezekiya 46 masu ganuwa, ya kwashe mutum 200,150, shi kuwa Hezekiya ya kulle shi cikin Urushalima kamar tsuntsu a keji.

Idan kika jera wannan da nassi, za ki ga sun haɗu a wurare da dama. Dukansu sun ce an ci garuruwan Yahuza masu ganuwa, dukansu sun ce Hezekiya ya biya haraji mai nauyi, har ma sun yi daidai a kan talanti 30 na zinariya (talanti ma'aunin nauyi ne na zamanin dā), ko da yake a azurfa nassi ya ce 300, Sennakerib ya ce 800. Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne abin da sarkin bai faɗa ba: ko sau ɗaya bai ce ya ci Urushalima ba. A wannan yaƙin sarkin Sidon gudu ya yi, sarkin Ashkelon kuwa an kwashe shi da iyalinsa zuwa Assuriya, amma Hezekiya, wanda yake cikin jagororin tawayen da aka yi wa Assuriya, ya ci gaba da zama a gadon sarautarsa, har ma rubutun ya ce daga baya ne ya aika da harajin zuwa Nineba. Sannan da Sennakerib ya tashi ƙawata wani ɗaki a fadarsa da hotunan wannan yaƙi, cin garin Lakish na ƙasar Yahuza ya sa aka sassaƙa a bango, tare da tudun ƙasar da aka tara jikin ganuwa, da kayan rushe ta, da ayarin bayin da aka kama. Sarkin da ya ci babban birni ba zai cika bango da hoton gari na biyu ba.

Ki kuma sanar da yaran cewa marubutan fadar Assuriya aikinsu ɗaya da na maroƙin sarki, wanda ba a taɓa jin ya yi wa ubangidansa kirarin ranar da aka kore shi ba. Saboda haka shirunsu a kan asara ba hujja ba ce cewa ba a yi ta ba.

Amsar wani fasto

Na yarda da yawancin abin da Baba ya faɗa, amma, 'yar'uwa, zan ja hankalinki kan wani gefe. Kamar yadda shirun Sennakerib bai ƙaryata nassi ba, haka kuma bai tabbatar da mutuwar mutum 185,000 ba, don haka kada ki ce wa yaran an tono hujjar mu'ujiza daga ƙasa. Abin da kayan tarihi suka nuna shi ne sarakunan nan sun rayu, an yi yaƙin, an ci Lakish, Urushalima ta tsira. Cewa hannun Allah ne ya tsirar da ita magana ce ta bangaskiya, kuma haka ya kamata ki gabatar da ita ba tare da jin kunya ba. Yaron da aka koya masa cewa kowace aya tana da dutsen da ke mara mata baya, shi ne yake girgiza ranar da ya gamu da ayar da ba ta da shi.

Akwai ma inda Assuriyawa suka rubuta abin da nassi bai kawo ba. Shalmanesar na uku, wani sarkin Assuriya, ya ambaci sarki Ahab na Isra'ila cikin sarakunan da suka yaƙe shi a Ƙarƙar a shekara ta 853 kafin haihuwar Almasihu, a kan wani baƙin dutse kuma da aka tono a Nimrud a 1846 ya nuna harajin da Yehu, sarkin Isra'ila, ya kawo masa. Duka biyun babu su a littafin Sarakuna, domin marubucinsa ba lissafin yaƙe-yaƙe ya sa gaba ba, amincin sarakuna ga Allah yake aunawa.

Amsar wani ɗan'uwa Musulmi

Malama, ko da yake ba fannina ba ne, ina ganin zai taimaka idan kika nuna musu Nineba a taswira, domin kangonta yana cikin birnin Mosul na Iraƙi a yau, a gabashin kogin Dijla. Mu ma mun san garin ta hanyar Annabi Yunusa, alaihis salam, kuma a can akwai tudun da ake kira da sunansa, wanda 'yan ƙungiyar ISIS suka rusa masallacin da ke kansa a shekarar 2014. A cikin ramukan da aka haƙa ƙarƙashin tudun an ga rubuce-rubucen Esar-haddon, ɗan Sennakerib ɗin nan da kike koyarwa.

Ƙarin bayani daga tsohon malamin tarihi

Tun da an ambaci Esar-haddon, 'yata, ki shirya wa wasu tambayoyi biyu da yaro mai kaifin basira zai iya yi miki. Nassi ya kawo kisan Sennakerib a hannun 'ya'yansa nan da nan bayan komawarsa Nineba, sai mai karatu ya zaci a shekarar ne, alhali an kashe shi ne a 681 kafin haihuwar Almasihu, shekara ashirin bayan yaƙin, kuma rubutun Babila ya tabbatar da cewa ɗansa ne ya kashe shi. Ta biyun ta shafi Tirhaka, wanda 2 Sarakuna 19:9 ta ce ya fito yaƙar Sennakerib, ta kuma kira shi sarkin Kush, wato ƙasar da ke arewacin Sudan ta yau, inda dalarsa take har yanzu a Nuri. Bai hau gadon sarauta ba sai a 690, shi ya sa masana da yawa suke ganin a 701 jagoran runduna ne, marubucin kuwa ya kira shi da sarautar da aka san shi da ita daga baya. Ki rubuta shekarun nan uku a allo tun farkon darasi, sannan ki raba ajin gida biyu, ɗaya ya karanta 2 Sarakuna 18:13-16, ɗaya ya karanta maganar Sennakerib, kowane ɓangare ya fito da abin da ɗayan bai ambata ba.