Batirin mota mai tsada da na gama-gari: wanne ya fi jure zafinmu?

Abu Safiyya:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masu rewaya da masu sayar da batir ce. A shago za ka tarar da batir biyu, kowanne 75Ah (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), girmansu ɗaya, amma kuɗin ɗaya ya kusa ninka na ɗayan. Ƙarin kuɗin nan yana ƙara wa batir kwana ne, ko suna kawai ake biya?

Malam Isa Rewaya:
Wa alaikumus salam. Sai an fara raba mai tsadar gida biyu. Akwai wanda ƙirarsa irin ta gama-gari ce, mai ruwa, sai dai an ƙara masa dalma da faranti. Akwai kuma wanda ƙirar ce ta bambanta, wato EFB da AGM. EFB shi ma na ruwa ne, amma an ƙarfafa farantansa. A cikin AGM ruwan asid ɗin a jiƙe yake cikin wani audugar gilas da ke tsakanin farantan, ba ya zuba, kuma ya fi jure a sauke shi a sake caji sau da yawa.

To amma mu nan zafi ne ke kashe mana batir. A watan Afrilu Kano da Sakkwato da Maiduguri suna haura digiri 40, cikin bonet kuma ya fi haka nesa. Zafi yana ƙone ruwan, yana cin ragar dalmar da ke riƙe da faranti. Batir mai murafe za ka iya ƙara masa ruwa, AGM kuwa idan ya bushe shi ke nan. Shi ya sa sau da yawa za ka ga an sa AGM kusa da injin Corolla ko Golf bai kai ko'ina ba, alhali na ruwa mai nauyi ya yi shekara biyu zuwa uku a wuri ɗaya. Babbar lambar CCA da ake tallata mai tsada da ita, ƙarfin tayar da mota ce a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Ina muka ga wannan sanyin?

Hajiya Mai Motoci:
Malam Isa, gaskiya ne, amma kada mai motar zamani ya ji wannan ya sayi na arha. Duk motar da ke kashe kanta a danja ta sake tashi, EFB ko AGM take buƙata. Ka sa mata na gama-gari, cikin 'yan watanni zai raunana. Wadda ta zo da AGM kuma ba a mayar da ita EFB. Yawancin BMW da wasu Mercedes batirinsu a but yake ko ƙarƙashin kujera, nesa da zafin inji, a nan AGM yake cin kuɗinsa. A BMW na zamani dole ne a yi wa kwamfutar motar rajistar sabon batir da na'ura, in ba haka ba za ta ci gaba da yi masa cajin tsoho. Idan kuma na ruwa ne a cikin but, a tabbata an jona masa ɗan tiyon fitar da iska.

Alhaji Sabo Mai Batir:
Ni dai kafin suna, abu uku nake so mai saye ya duba. Na farko ranar ƙira. Kowane kamfani da irin lambarsa, ka ce mai shago ya karanta maka. Batirin da ya haura wata shida a kan kanta cikin zafi ya riga ya fara tsufa, ko Varta ne ko Bosch. Sabon Solite ko Rocket ko Atlas da ya iso kwanan nan ya fi babban suna da ya kwana biyu a shago. Na biyu a sa masa mita a gabanka, ya nuna volt 12.5 zuwa sama. Na uku a ɗora shi a sikeli. Mai 75Ah na ƙwarai yana kaiwa wajen kilo 17 zuwa 19. In ya yi sakayau an rage dalma, komai kyan takardar da ke jikinsa. Ku lura da tsoho da aka wanke aka manna wa sabuwar takarda: kan batirin zai nuna sawun kilam, murfin kuma alamar an taɓa ɓalle shi. Garanti na baki ba garanti ba ne, a rubuta lambar batirin da kwanan wata a rasit.

Abu Safiyya:
Alhaji, ɗan idon nan da ke saman batir, mai nuna kore idan da caji, shi fa?

Alhaji Sabo Mai Batir:
Sel ɗaya kawai yake gani cikin shida, wato ɗakunan da ke cikin batir. Yana iya nuna kore alhali na gefensa ya mutu.

Malam Isa Rewaya:
Wani abin da ke damuna shi ne yawancin baturan da ake kawowa a ce sun mutu da wuri, motar ce ta kashe su. Ga awon da za a yi kafin a zargi batir. Mota ta kwana a kashe, a auna da safe: volt 12.6 cikakke ne, 12.4 ya ragu, 12.2 rabi ne. Lokacin da ake buga kik kada ya faɗi ƙasa da 9.6. Inji yana aiki, an kunna fitilu da AC, ya tsaya tsakanin 13.8 da 14.5. Ƙasa da haka altaneta ba ta cika shi, a duba fambel da wayar as. Idan ya doshi 15 tana dafa shi ne, za ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, gefen batirin ya kumbura.

Sai satar wuta. A kashe komai, a rufe ƙofofi, a jira kamar minti 30, a cire kan nagetif a sa mita tsakani. Ya kamata awon wutar da motar ke ja ya tsaya wajen miliam 50 ko ƙasa. In ya wuce, a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Galibi na'urar bin sawun mota ce ko amfilifaya da aka jona kai tsaye. Batirin da ke kwana a sauke, wani farin gishiri ne ke daskarewa a farantansa, kuma mai tsada ma bai tsira daga wannan ba.

Direban Hanya:
Oga Isa, a motar haya mai dogon zango ni ina bayan mai tsadar, amma na ruwa mai kauri ko EFB. Girgizar hanya tana kakkaɓe farantan na arha, ƙurar ta taru a ƙasa ta haɗe sel, mota ta ƙi tashi ba gargaɗi. Sai dai ko wanne ne, a ɗaure shi da ƙarfensa, ba da tsumma ko roba ba. Mai murafe a duba shi duk wata, musamman daga Maris zuwa Mayu, ruwan ya rufe faranti da kamar santimita ɗaya. Tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba asid ba, ba fiyawata ba. Farin garin da ke taruwa a kai a wanke shi da bekin soda a ruwan ɗumi, a shafa ɗan giris. Wajen cirewa nagetif ne farko, wajen mayarwa shi ne ƙarshe.