Tsohuwar desktop ɗina, RAM zan ƙara ko Windows zan canza?

Ɗan Samaru:
Salam jama'a don Allah a ba ni shawara. Ina da Dell OptiPlex da yayana ya bar min, Core i5 ce 3rd gen, RAM 4GB, Windows 7 ce a kanta, ina son buga PES da GTA amma da na buɗe gem sai ta fara ƙugi tana tsaitsayawa, Steam ma, manhajar da ake sauke gem da ita, ya daina aiki a kanta. Kuɗina ba yawa, me zan fara saya?

Injiniya Kongo:
Ƙanena fara duba Windows ɗin, in 32-bit ce ko ka sa 16GB ba za ta ga fiye da kusan 4GB ba, sai ka sa 64-bit. Injinka RAM nau'in DDR3 yake ci, kar kowa ya sayar maka da DDR4 don ba zai ma shiga ramin ba. Cire RAM ɗin da ke ciki ka tafi da shi shagunan PZ a Zariya a gwada a gabanka, ka sayi guda biyu iri ɗaya.

Abban Sabon Gari:
Windows 11 kam manta da ita, tana neman TPM 2.0 (wani chip ne na tsaro) da processor 8th gen zuwa sama. Sa Windows 10, duk da Microsoft sun daina tallafa mata tun Oktoban 2025. Amma gaskiya matsalar gem ɗinka graphics card ce, wato katin da ke sarrafa hoto, nemi GT 1030 low profile (siririn da ke shiga ƙaramar desktop), ba ya buƙatar ƙarin wayar wuta.

Ɗan Samaru:
Na gode yayyena, Allah ya saka. SSD fa, wato ma'ajiyar nan da ta fi hard disk sauri, ya jira?

Injiniya Kongo:
Kar ya jira, sa Windows ɗin a kansa kai tsaye.