Tsohuwar motar soja a rairayi: wacce ya kamata in saya?

Ɗan kasuwa, Gashuwa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙe motocin soja na gwanjo. Hatsi da kayan masarufi nake kaiwa ƙauyukan arewacin Yusufari har wajen Tulo-Tulo, in dawo da kanwa da dabino. Wanda ya san yankin ya san da an sauka daga kwalta sai rairayi. Ƙananan motoci nake ɗauka haya, kuɗin hayar kuma yana neman cinye ribar. Wani dillali ya turo mini hotunan motoci uku: Unimog U1300L da MAN KAT1 mai taya huɗu, dukansu na sojan Jamus, sai M35 ta Amurka mai taya goma, wadda ta fi araha. Lodina ba ya wuce tan huɗu zuwa biyar. Don Allah wanda ya tuƙa ɗaya daga ciki ya faɗa mini abin da ya gani.

Direban Tenere, Agadas:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Tun ina yaron mota hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma nake bi. Kafin ka tambayi ƙarfin inji, leƙa tayoyin baya. In biyu-biyu ne a manne, kamar na M35 ɗin nan, wahala ka saya. Tayar gaba tana danne rairayi ta buɗe sawu. In ta baya guda ce, sai ta bi wannan sawun da aka riga aka danne. In tagwaye ne kuwa, sabon rairayi suke fasawa hagu da dama, motar tana ta ja kamar an ɗaure ta.

Babbar matsalar ma ita ce rage iska. Mu a nan ba a shiga rairayi mai laushi da taya cike. Tayar 14.00R20 nakan saukar da iskarta zuwa wajen bar biyu a ma'aunin iska, wani lokaci ƙasa da haka in wurin ya yi muni, sai ta baje a ƙasa kamar tafin raƙumi. Tagwayen taya ba sa yarda da wannan: kana rage musu iska sai gefensu ya riƙa gugar juna, su ɗau zafi, ɗaya ta fashe. Na ga haka da idona ga wata mota da muka yi ayari tare, kafin la'asar safayarsu ta ƙare. Ka kuma tabbata akwai doguwar tiyo da za ta kai kowace taya daga tankin iskar motar, domin da ka fito wuri mai tauri ko mai duwatsu dole ka mayar da iskar. Taya mai ƙarancin iska ba ta son gudu.

Bakanike, Damagaram:
Direba ya gama magana a kan taya. Ni ta kayan gyara zan yi, don mu ake kawo wa motocin in sun mutu.

Unimog mota ce ta kirki, Alhaji, amma ba taka ba ce. U1300L ta soja tan biyu aka yi ta ta ɗauka. Ka ɗora mata biyar, ƙananan giyoyin da ke cikin kowace ƙafa, waɗanda su ne suke ɗaga cikinta sama, su za su fara kuka, kuma samun su sai an yi odar daga waje. Abin da nake so a jikinta shi ne injin OM352. Inji ɗaya ne da na tsofaffin Marsandi masu gajeren hanci irin su 1113, don haka fistin, ringi, famfon ruwa, bakin injekta, duk akwai su a Damagaram, akwai su a Kano.

Shi ya sa zan ce ka tambayi dillalin ko yana da Marsandi 1017A. Ita ma ta sojan Jamus ce, tan biyar take ɗauka, tana ja da ƙafa huɗu, injinta OM352 ne mai tabo. Da yawansu da tagwayen taya suke zuwa a baya, sai a canja rim a mayar da su guda-guda. Mun yi wa mutane wannan aikin. Sai dai ka sani, babbar taya tana rage wa mota ƙarfin tashi, wurin da kake hawa da giya ta uku za ka koma ta biyu.

Mai mota, Ngigmi:
Oga bakanike, ka tsallake MAN, ni kuwa ita nake riƙe da ita, mai taya shida. A tsakanin Ngigmi da Agadem ban ga tudun da ya mayar da ita baya ba. Tayoyinta guda-guda ne tun daga kamfani, tana da makullin difaransha mai sa tayar hagu da ta dama su juya tare, injinta Deutz ne mai silinda takwas wanda iska ke sanyaya shi. Babu lagireto, babu tiyon ruwa da zai fashe maka a inda ruwan sha ma auna shi ake yi. Wannan kaɗai ya sa na ƙaunace ta.

Amma ba zan ɓoye maka ba, Alhaji, tana shan gazuwal, wato man dizal. A rairayi mai laushi takan sha kusan ninkin abin da take sha a kwalta, har sai da na ƙara mata tanki. Ga nauyi: mai taya huɗun da aka nuna maka, babu komai a bayanta ta haura tan tara. Ranar da ta kafe da lodi, babu Hilux ko Land Cruiser da za ta motsa ta. Shebur ne da farantan ƙarfe da muke kira tol, sai kuma a sauke kaya. Mu ayari muke tafiya, akwai babbar mota a kusa. Kai a ƙauyukan Yusufari wa zai ja ka?

Bakanike, Damagaram:
Ƙari a kan injin Deutz ɗin: fikafikan jikin silinda su ke fitar da zafi. In baƙin mai yana tsiyaya ƙura ta manne, sai su toshe, silindar da iska ba ta kai wa sosai ta ƙone direba bai sani ba. Ana hure su da iska a kai a kai.

Dattijo, Agadas:
Yara ba su ambaci Berliet, kamfanin manyan motoci na Faransa, ba. Daga ƙarshen 1959 zuwa farkon 1960 kamfanin ya ratsa Tenere da motoci tara masu taya shida, daga Janet ta Aljeriya har Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, suna kafa alamomin ƙarfe a hanya. Irin wannan motar ce sojan Faransa ya ɗauka da sunan GBC 8KT, na kuma yi aiki da ita da ƙuruciyata. Ba ta da gudu, ba ta da gardama. Amma ɗana, kar ka saye ta yanzu, masu gyaranta sun tsufa, kayanta sun yi wuya.

Tsohon direban soja, Kaduna:
Ranka ya daɗe, na tuƙa irin waɗannan motoci a bakin aiki, abu biyu zan ja maka kunne a kai.

Na farko, kar ƙarancin kilomita a agogo ya ruɗe ka. Motar soja ta fi daɗewa a ajiye a kan a hanya. Ƙarfenta lafiya lau, amma duk wani roba ya bushe: sil-sil na askil, tiyon birki, tiyon gas. Tana fara aiki a zafin Yobe za su bi layi suna yoyo. Taya ma haka, za ka ga zanenta sabo fil alhali ta shekara goma sha biyar. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Ka sa a ɗauko maka hoton kowace. Wutarsu kuma bolt 24 ce, ka tanadi safayar kik da altaneta tun yanzu. Ita M35 ma har sifana sai ka nemi na inci, kuma ba ta zuwa da makullin difaransha, taya ɗaya na juyawa a banza sai ƙarfin ya tafi can.

Na biyu ya fi muhimmanci. Kada motar nan ta taka titi da fentin soja. A Najeriya akwai dokar da ta hana farar hula amfani da launin soja a mota, kuma kai yankinka shingen bincike ne ko'ina. Soja zai yi maka kallon tuhuma, ɓata-gari kuma su ɗauka motar soja ce. Ka yi mata fari ko shuɗi tun a gareji, a cire maƙalan bindiga da fitilun ɓoye, takardun kwastan da lambar shasi su yi daidai harafi da harafi.

Ɗan kasuwa, Gashuwa:
Allah Ya saka muku da alheri. Na cire M35 da Unimog daga lissafi. Dillalin ya ce zai iya samo 1017A, amma yana son rabin kuɗi kafin ta iso. Oga bakanike, me zan sa a duba?

Bakanike, Damagaram:
A ɗauko maka bidiyon tayar da ita da safe injin na sanyi, ka ga launin hayaƙin. A nuna maka agogon iska yana cika, a kashe inji, a ga ko yana sauka. A sa giyar taimako da makullin difaransha ka ga fitilarsu ta kama. A haska shasin daga gaba har baya, musamman wajen maƙalan sifirin, don gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin sanyi nan yake ci. Sauran kuɗin kuma ka riƙe har sai ta iso, mun sa mata tayoyin, ka loda mata buhu hamsin ka shiga rairayi da ita da tsakar rana, lokacin da ya fi laushi.