Wane injin yanke ciyawa ne zai jure gangare da duwatsu?

Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman shawarar waɗanda suka san injin yanke ciyawa, irin mai tafiya da kansa kana biye da shi a baya.

A Jos nake zaune, kuma bayan gidana gangare ne mai duwatsu da ramuka. Daga watan Mayu zuwa Satumba ciyawa ba ta ba ni hutu, sati biyu kawai ta kai gwiwa. Na sayi wani na hannu bara, wanda tayoyin gaba ke ja. In na nufi sama sai gaban ya ɗage, tayoyin su yi ta juyawa a banza, ni ke turawa har gumi ya jiƙa min riga. Rannan kuma wuƙar ta daki wani dutse da ciyawa ta rufe, injin ya hau rawa. Bakanike ya duba ya ce karanshaf, wato sandar ƙarfen injin da ke juya wuƙar, ya lanƙwashe, kuɗin gyaran kuwa ya kusa kuɗin sayensa.

Shi bakaniken ya ce in nemi wanda tayoyin baya ke ja, masu girma, in riƙa yanka a kwance maimakon hawa da sauka. To amma wanne? Mai injin Honda ko Briggs & Stratton, wanne aka fi samun kayan gyaransa a Jos ko Kano? Kuma in injin ya daɗe a karkace, baƙin mai ba ya gudu gefe guda? Don Allah wanda ya yi damina biyu da nasa a wuri irin nawa ya taimaka min, kafin ruwa ya sauka.