Taragai a yadi, injuna a kashe: laifin wa?

Mai Sito: Jama'a, raina a ɓace yake. Ni ke kula da sito a wata masana'antar haɗa takin zamani, kuma muna da ɗan layin dogo da ya shigo mana daga yadin jirgin ƙasa, wato filin da ake ware taragai a haɗa su. Da can kusan kullum ake turo mana taragai. Yanzu namu na can jibge a yadi, daga kan katanga ma ana hango su, mu kuwa injuna a kashe, leburori a zaune, masu oda na ta kira. Kamfanonin jirgi sun daina kula mai tarago biyu ko uku, sai wanda zai cika jirgi guda da kwal ko hatsi. Su kuma ma'aikatan yadi malalata ne.

Tsohon Ɗan Reluwe: Malam, janye kalmar nan. Malalata? Ka taɓa shiga tsakanin tarago da tarago cikin dare, ruwa na dukanka, fitila a wuya, kana haɗa tiyon iskar birki? Kuskure ɗaya ka rasa hannu. Na san waɗanda suka rasa.

Direban Tirela: Baba, gaskiya ce ta yi ɗaci. Mu a ba mu lodi yau, gobe mun sauke a ƙofar mai kaya. Wanda kaya ke kwana a gabansa bai motsa ba, me sunansa?

Tsohon Ɗan Reluwe: Ai kai ba ka da bakin magana. Wa ya farfashe tituna? Wa ke ƙetare layi jirgi na tahowa?

Direban Tirela: Wa ke kai kayan daga tasha zuwa shago? Jirginku yana shiga lungu?

Maman Hanifa: Ni dai abin da ya dame ni yadda ake yi wa dattijo magana. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa a aikin nan, a zo gaban jama'a a ce masa malalaci. Babu tarbiyya a ciki.

Mai Sito: Hajiya, ban ambaci Baba ba. Kamfani nake magana a kai.

Maman Hanifa: Ka ce ma'aikatan yadi. Rubutunka na nan a sama.

Ɗalibin Injiniya: Ku yi haƙuri, ba a nan gizo ke saƙa ba. Tarago ɗaya-ɗaya tsada gare shi. Sai an ɗauko shi daga masana'anta, a kai yadi, a kwance jirgin, a ware kowane tarago kan layin garin da za shi, a jira layin ya cika, sannan a haɗa sabon jirgi. A manyan yaduka tudu ake ginawa, kan jirgi ya tura taragai sama, su gangaro da nauyinsu, wata na'ura a jikin dogo tana rage musu gudu. Haka ake yi a yadin Bailey na kamfanin Union Pacific a jihar Nebraska ta Amurka, wanda ya fi kowane girma a duniya, da Maschen kusa da Hamburg a Jamus. Jirgin da ke ɗauke da kwal zalla ba ya bukatar duk wannan, daga mahaƙa sai tashar wuta. Shi ya sa kamfani ke fifita shi. A Ingila ma rufe tsarin Speedlink na tarago ɗaya-ɗaya aka yi a 1991. Amurka ta bi wata hanya: bayan dokar Staggers ta 1980, wadda ta sassauta wa kamfanonin jirgi ƙa'idoji, manyan kamfanoni suka riƙa sayar da ƙananan rassan layin dogo, yau akwai ƙananan kamfanonin jirgi kusan 600 da aikinsu ke nan, kai wa injin katako ko rumbun hatsi taragansa. Matsalar Malam Mai Sito ta tsari ce.

Direban Tirela: To ka ji, ɗan boko ma ya ce jirgi ya gaza.

Ɗalibin Injiniya: Ban ce haka ba, yaya. Tarago guda babba na ɗaukar lodin tirela uku zuwa huɗu, kuma man da jirgi ke sha a kan kowane tan bai kai naku ba ko kusa.

Direban Tirela: Wa ya auna? Kai ka taɓa tuƙi?

Tsohon Ɗan Reluwe: Yaro, Allah ya yi maka albarka. Amma har yanzu ba a janye kalmar ba. A da mutum nawa ke bin kan jirgin haɗa taragai, yanzu nawa aka bari? Wanda aka rage wa hannu ba malalaci ba ne.

Mai Sito: Ni dai taragaina nake so. Akwai wanda ya san ofishin da ake kai irin wannan ƙorafi?

Maman Hanifa: Ka fara ba Baba haƙuri tukuna.

Shugaban Zaure: Zan rufe a nan. Abin da aka cimma: ma'aikatan yadi mutane ne masu ƙwazo da ake yi wa rashin adalci, ni shaida ne domin mahaifina aikin da ya yi ke nan. An kuma tabbatar jirgi ya fi tirela ta kowace fuska. Mai Sito ya yi kuskuren lafazi, muna jiran ya gyara. Maganar riƙon taragai a kawo ta wani lokaci.

Direban Tirela: Ta kowace fuska? Shugaba, wa ya tabbatar? Malam Mai Sito, turo min saƙo ta gefe, ina da motoci a ƙasa.