Neman shawara: shin auren dole da miskilin jarumi sun tsufa a labarin soyayya?

Maman Iman, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ina rubuta labarin soyayya da nake son sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. Jarumar ɗaliba ce a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, aka ɗaura mata aure da ɗan yayan mahaifinta, wani miskilin ɗan kasuwa da ba ya son ta, daga baya ƙiyayyar ta rikiɗe ta zama so. Wata ƙawata da ta karanta babin farko ta ce wannan hanya ta riga ta zama burtali, kowa ya bi ta. Ina roƙon manyanmu su ba ni shawara: in watsar da jigon, ko kuwa akwai yadda zan riƙe shi ba tare da an ce na kwaikwayi wani ba?

Malamin Adabi, Samaru

Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki watsar da shi. Rikicin aure da fifikon mai dukiya a kan masoyi suna cikin ƙagaggun labaran Hausa tun daga tushe. Jiki Magayi, wanda ya fito a shekarun 1930 daga hukumar talifi ta nan Zariya, an gina shi ne a kan saurayin da attajiri ya ƙwace wa budurwa. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC ya buga a 1980, shi ma labarin masoya ne da dangi suka tsaya musu a gaba. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga ƙarshen shekarun 1980, auren dole da kishi da soyayyar ɗan masu kuɗi da 'yar talakawa suka zama abincin yau da gobe, kuma masu karatu ba su ƙosa ba.

Mai karatun da ta ga auren dole a shafin farko ta san inda za a kwana; abin da take biyo ki dominsa shi ne ta ga yadda za a kai can. Saboda haka tambayar da za ki yi wa kanki ita ce: me ya sa mahaifin yarinyar nan ya dage? Idan amsar ita ce "haka kawai, shi mai kafiya ne", labarin ya mutu. Idan kuwa yayan nasa ne ya biya masa bashi lokacin da shagonsa na kasuwar Sabon Gari ya karye, har ya kasa haɗa ido da shi balle ya ce masa a'a, to kin sami uba wanda za a ji haushinsa kuma a tausaya masa a lokaci guda.

Anti Bazazzagiya, Ƙofar Doka

Ƙanwata, ni mai karatu ce ba marubuciya ba, kuma maganata a kan miskilin ce. Yawancin marubutan yanzu sun ɗauka miskilanci shi ne mari da zagi da kulle mace a ɗaki, sannan a babi na arba'in ya yi rashin lafiya, ta yi jinyarsa, ya ce ta yafe masa, shi ke nan an zama Laila da Majnun. Wannan ba sauyin hali ba ne, kuma yara mata da ke karantawa a waya suna ɗaukar darasi daga ciki ko marubuciya ta so ko ba ta so ba.

Miskili na gaskiya mutum ne mai tsadar magana, wanda aikinsa ke riga bakinsa. Ki nuna mana shi ya dawo da daddare ya tarar ta yi barci a kan takardun jarrabawa, ya sa fitilarta a caji bai tashe ta ba, da safe kuma ya amsa gaisuwarta da "lafiya" kawai. Ki bar mu mu gane tun kafin ita ta gane. Kuma ki ba ta abin da take nema a rayuwa ban da shi, domin jarumar da ba ta da aiki sai kuka da girki tana gundurar mutum.

Abu Hanan, Gyallesu

Malama, ƙarin da zan yi na fiƙihu ne, domin nan ne marubuta da dama ke tuntuɓe. Idan kika ji sha'awar juya labarin zuwa auren yarjejeniya, inda za su ƙulla cewa bayan shekara za su rabu, ki sani cewa auren da aka yanka wa wa'adi a cikin ɗaurinsa ɓatacce ne a mazhabar Malikiyya. Haka nan idan ya yi mata saki uku, ba a mayar da ita da ban-haƙuri a babi na gaba. Sai ta auri wani aure na gaskiya, ba na kisan wuta ba, sun rabu, ta gama idda. Masu karatu sun san waɗannan hukunce-hukunce, kuma a sharhi za su tare ki da su.

Maman Iman, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, zan ɗauki shawarar bashin, amma ina so mahaifiyar yarinyar ce kaɗai ta san da shi, ita jarumar kada ta ji sai tsakiyar labari. Anti, akwai mari a babi na uku. Idan na cire shi, me zai sa ta yi yaji ta koma gida, alhali sauran labarin ya dogara ne a kan wannan yajin?